Tsakuwa a Ƙodar Na-Sama

Shekara goma sha tara Na-Sama ya yi yana tuƙa injin ɗaga kaya, dogon nan da ake kafawa a wurin ginin bene, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa ya sauko da rana tsaka. Da safe zai kama tsani mai matakala ɗari da arba'in, ya shige ɗan akurkin ɗakinsa na gilashi, shi ke nan sai an tashi aiki. Can yake cin abincinsa, can yake sallarsa da alwalar safe. Daga nan ma ya samo sunan.

Sirrin ba wani mai wuya ba ne: ba ya shan ruwa. Sauka da hawa minti arba'in ne, kuma duk lokacin nan leburori talatin za su yi cirko-cirko suna kallon sama. Wasu direbobin da gorar roba suke hawa su biya buƙatarsu a ciki, amma shi ƙazanta ya ɗauki wannan. Sai ya yanke wa kansa hukunci, kofin shayi ɗaya da safe, sauran sai ya koma gida. Gilashin nan ya ɗau zafi, gumi ya jiƙa masa riga, ya lashi leɓe ya ci gaba. Har alfahari yake yi da abin, bawan Allah, kamar wata lambar yabo.

Ranar wata Talata ya ɗauko damin rodi, yana ratsawa da shi ta saman mutum huɗu da ke ɗaure ƙarafa, sai wani abu ya soke shi a kwiɓin dama ya gangara har mara. Bai san lokacin da ya saki libar sarrafa injin ya dafe cikinsa ba. Damin ya yi lilo sau biyu a kan mutanen nan, su kuwa suna sunkuye suna hirarsu. Da ƙyar ya ciji leɓe ya sauke kayan. Ba wanda ya lura, sai shi kaɗai da ya ga komai daga sama.

Da yamma matarsa ta ja shi asibiti, yana tafe a duƙe, yana cewa iska ce kawai ta taru masa. Aka yi masa allura, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitar, wata mace mai tabarau wadda ba ta da lokacin kwana-kwana, ta juyo masa da allon.

"Ka ga wannan ɗan farin ɗigon? Tsakuwa ce, ta baro ƙoda tana neman hanyar mafitsara. Kofi nawa na ruwa kake sha a yini?"

"To, gwargwado dai."

"Ɗaya ne, likita," in ji matarsa. "Shi ma shayi."

Likitar ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, ƙoda wanki take yi. Ka hana ta ruwa, ka matse sauran ta hanyar gumi, ka ɗora mata gishiri da nama, da me za ta ɗauraye dattin? Dole ya daskare. Wannan ƙarama ce, za ta fita da kanta. Ga ƙwayoyi, ka sha ruwa lita uku kullum, ka matsa lemon tsami a ciki, ka rage gishiri. In za ka yi fitsari ka tara mataci, ina son in gan ta."

Kwana huɗu babban direba yana zarya tsakanin randa da banɗaki, riƙe da matacin shayin da matarsa ta sadaukar har abada. A rana ta biyar abu ya faɗo. Ya ɗora ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ruwan ƙasa, jikinta duk ƙaya-ƙaya. Kunya ta kama shi, wai wannan ce ta sa shi kuka a gaban matarsa.

Ya kai wa likita ita a ƙulle cikin leda, yana murna an rabu. Ita kuwa ta sake juyo allon.

"Akwai wata a ƙodar hagu, ta fi wannan girma. Tana zaune abinta tukuna. Za mu farfasa ta da na'ura, ba tiyata, amma layi sai nan da mako shida."

"Kafin nan fa? In za ta motsa, zan ji alama?"

"Ta farkon ta yi maka sallama?"

Bai gaya mata irin aikin da yake yi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A gida ya zauna bakin gado yana jujjuya hular kwanonsa. Ya san yadda abin yake. In ya gaya wa injiniya, za a ɗora Dogo, direba na biyu, wanda ya yi shekara shida yana jiran kujerar. Mai shekara hamsin da uku kuma in ya sauka, ba a cika ce masa ya koma ba. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji a kan tsani ba, don bai san ko shi wane ne a ƙasa ba.

"Baban yara," in ji matarsa, "mako shida ne fa. Ka yi shiru, ka riƙa hawa da ruwanka. Wa zai sani?"

"Ni," ya ce.

Ranar Litinin ya isa gindin injin, har ya ɗora ƙafa a matakalar farko. Masu ɗaure ƙarafan nan huɗu suka zo wucewa, babbansu ya ɗaga masa hannu.

"Sannu da jiki, Na-Sama! Gara da ka dawo. In kai ne a sama, ko ɗaga kai ba ma yi."

Ya tsaya a haka, hannunsa a kan ƙarfen mai sanyi. Sannan ya sauke ƙafarsa, ya nufi ofishin injiniya, ya faɗi komai, har da lilon damin rodi da ba wanda ya gani. Injiniya ya jinjina kai, ya yi masa godiya, ya ba shi wayar oba-oba ya riƙa yi wa direba jagora daga ƙasa. Bai ce komai ba game da bayan mako shida.

Ya fito ya tarar da Dogo a gindin tsani yana ɗaure igiyar hularsa, fuskar nan fal murna, yana ƙoƙarin ɓoyewa.

"Yaya, wallahi ba haka na so in samu kujerar nan ba," in ji Dogo. "Amma ka kwantar da hankalinka, ba zan ba ka kunya ba. Shekara biyu ke nan ina horar da kaina irin naka. Yau ma ko kurɓin ruwa ban yi ba."

Kafin Na-Sama ya ankara, Dogo har ya haye matakala goma. Na-Sama ya danna oba-obar.

"Dogo, sauko. Sauko tukuna, ina da magana da kai."