Mariƙin Wayar Mijin Yayata

Mijin yayata, Pang Deshun, sai da ya yi ritaya daga hukumar ruwa ta Chongqing sannan ya koyi mota. Kafin nan mabiyi ne. Yayata Suzhen ce ke cewa a hau wannan bas, a sauka a can, shi kuma ya ɗauki ledar cefane ya bi bayanta. Da ya samu lasin, bayan faɗuwar jarrabawar da ba a ambatonta a gabansa, ya sayi farar mota, sai ya ga ai lokaci ya yi da zai daina karɓar umarni daga kujerar gefe.

Abin da ya fara saye shi ne mariƙin waya. Ba irin na roba da ake zubewa a bakin kasuwa ba. Wannan a waya ya ga wata yarinya tana tallarsa tana ihu wai saura kaɗan ya ƙare, kuma wai da ƙarfen jirgin sama aka ƙera shi. Yana da hannuwa biyu. Da ka kawo waya kusa sai su buɗe da kansu, su rungume ta, wata shuɗiyar fitila ta kama. A jikin ragar esin mota, inda iska mai sanyi ke fitowa, ake maƙala shi. Kuɗinsa ya kusa yuan ɗari bakwai, amma Yaya Suzhen ɗari biyu aka gaya mata, kuma ko a hakan sai da ta yi kwanaki tana dafa masa kabeji zalla.

Daga nan ya biya kuɗin shekara na wata manhajar nuna hanya, sashen manyan mutane. Ta kyauta ma hanya take nunawa, hanyar kuma ɗaya ce. Bambancin shi ne ta kuɗin tana da muryar wani saurayi mai ladabi da ke ce maka "ranka ya daɗe", kuma ba ta taɓa cewa ka yi kuskure. In ka wuce kwanar da ya kamata ka shiga, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, an samo maka hanya mafi kyau."

"Kin ji tarbiyya?" in ji shi ranar da ya gwada mini. "Shekara talatin ina aure ba a taɓa yi mini magana haka ba."

"Yaya Deshun," na ce, "ai maroƙi ka ɗauka aiki, ba ɗan jagora ba."

Ana cikin haka 'yarsu Tingting ta kawo maganar aure. Yaron sunansa Lei Junchi, kuma aka sa ranar Lahadi iyaye su haɗu su ci abincin rana a wani gidan tukunyar yaji, inda kowa ke tsoma namansa a romo mai tafasa, a tsallaken kogi. Ni ƙanwar uwa ce, dole da ni. Tingting ta yi gaba tun da safe tare da saurayin.

Yaya Suzhen ta ce mu hau jirgin ƙasa, tasha tana ƙofar wurin. Mijinta ya dube ta kamar ta ce mu tafi a kan jaki.

"Surukai su gan ni ina fitowa daga tasha da gumi? Motar ta mece ce? Kuma Maman Tingting, alfarma ɗaya nake nema. Yau kada ki ce mini dama, kada ki ce mini hagu. Na biya wanda zai faɗa."

"To," in ji ta. Ta buɗe jaka ta ciro ƙullin gyaɗa. Duk wanda ya san yayata ya san wannan "to" ɗin ba ta alheri ba ce.

Da farko lafiya lau. Mariƙi ya rungume waya, fitila ta kama, saurayin manhajar ya yaba wa Yaya Deshun yadda yake taka birki. Sai muka isa babbar mahaɗar gadojin sama, inda hanyoyi ke hawa kan juna kamar taliyar da aka juye a kwano. Muryar ta ce a riƙe dama. Dama kuwa hanya uku ce, ɗaya ta hau, ɗaya ta gangara, ɗaya ta shige cikin dutse. Na ga kafaɗar yayata ta motsa, amma gyaɗa kawai ta jefa a baki. Yaya Deshun ya zaɓi mai hawa, don a ganinsa babban mutum sama yake bi.

"Ranka ya daɗe, an samo maka hanya mafi kyau."

"Kun ji ko?" ya ce, yana kallona ta madubi.

Hanya mafi kyaun ta tsallaka da mu kogi. Wata wadda ta fi ta kyau ta dawo da mu. Na ga wani dogon bene mai jan rufi ta tagar dama, can an jima na gan shi ta tagar hagu, daga baya na gan shi a ƙarƙashinmu har ina hango shanyar mutane. Da muka shiga ramin dutse sabis ya ɗauke, muka fito manhajar ta nuna motarmu a tsakiyar ruwa, ta kuma shawarce mu cikin ladabi da mu juya idan babu haɗari.

Waya ta yi ƙara. Tingting ce.

"Baba, kuna ina? An kawo tukunya, har ta tafasa."

"Ga mu nan a ƙofa," in ji shi. A lokacin muna bayan wata motar siminti, a hanyar filin jirgin sama.

Na ce, "Yaya, don Allah ki yi magana."

"Ni? An biya wanda zai faɗa." Ta miƙo mini gyaɗa.

Can dai muka dawo unguwar. Muna kan wata gada, motoci na gudu ta kowane gefe, babu gida babu shago sai ƙarfen kariya, sai muryar ta ce da fara'a, "Ranka ya daɗe, ka iso. An gode da wannan tuƙi na ƙwararru."

Yaya Deshun ya rage gudu. Na baya suka danna ham. Wani direban tasi ya zuge gilashi ya tambaye shi ko gadar ta gidansu ce. Na leƙa ƙasa, sai ga allon gidan abincin can ƙarƙashinmu, ja da rawaya, kamar in ka saki takalmi zai faɗa a kansa. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Mun iso, sai dai ba ta san sama da ƙasa ba.

"Ai kun ga ta kawo mu daidai," in ji shi, gumi na bin wuyan sabuwar rigarsa. "Gangarowa kawai ya rage."

Gangarowar ta ci wani dogon lokaci, ta ƙare a cikin garejin wani katafaren bene, muna ta zagaye muna nutsewa har kunnena ya toshe. Ya samu gurbi ya faka, ya kashe mota, ya kai hannu zai ɗauki waya. Mariƙi ya ƙi saki. Ashe sai da wuta hannuwan ke buɗewa. Ya sake tada mota. Hannuwan suka buɗe, yana kai yatsu kusa suka ɗauka wata wayar ce ta zo, suka sake damƙewa. Ya janye, suka buɗe. Ya kai, suka rufe. Ya gwada ta gefe, ya gwada da sauri kamar mai kama ƙuda. Yayata ta daina cin gyaɗa don ta kalla da kyau.

Barin wayar kuma ba zai yiwu ba, don lambar ɗakin da aka kama tana ciki, kuɗin da zai yi gardamar biya da su a gaban surukai ma suna ciki. Tingting ta sake kira. Ya dafe sitiyari da hannu ɗaya, ya fizga da ɗayan. Aka ji ƙaras. Waya ta fito, mariƙi na rungume da ita, ragar esi kuma tana rungume da mariƙin, da wani guntun wayar lantarki yana lilo.

Ya tura tarkacen cikin kwat ɗinsa, ya dafe da hannu kamar mai ciwon zuciya, muka nufi lif.

Ya danna hawa na ɗaya, muka fito a bakin kogi, wani dattijo yana kamun kifi. Muka koma. A nan yayata ta miƙa yatsa, ba tare da ta buɗe baki ba, ta danna sha takwas. Ashe benen a jikin dutse aka gina shi. Ƙofa ta buɗe a kan titi, ga motoci, ga mai gasa dankali, ga tashar jirgin ƙasa, ga gidan abincin yana kallonta.

Surukan mutanen kirki ne. Uban yaron, Lei Changgui, gajere ne mai sanƙo da dariya a kusa, matarsa kuma irin matan nan ne da magana ke riga tunani fita. Suka miƙe suka tarbe mu, suka rantse ba su daɗe ba, alhali ruwan tukunya ya ƙone an ƙara wani, Tingting kuma fuskarta ta yi ja kamar barkonon da ke iyo a ciki. Yaya Deshun ya ce cunkoso ne, garin nan ya lalace da sababbin direbobi. Ya ƙi cire kwat duk da tururin da ke tashi. Da hannu ɗaya yake tsoma tumbi a romo.

An fara sakin jiki ke nan, Lei Changgui ya ɗaga ƙaramin kofi zai yi jawabin haɗa zumunci, sai wata murya ta fito daga ƙirjin Yaya Deshun.

"Ranka ya daɗe, ka kauce hanya kaɗan. An samo maka hanya mafi kyau."

Kowa ya juyo yana kallon ƙirjinsa. Ya lalubi cikin kwat zai kashe, tarkacen ya zame ya faɗo kan tebur tsakanin farantin hanjin agwagwa da na saiwar bado.

"Baba!" in ji Tingting, ta rufe fuska.

Lei Changgui ya ajiye kofi. Ya ɗauki abin, ya juya shi, ya duba bayansa, sai fuskarsa ta washe.

"Kai! Suruki, ai wannan namu ne! Uwar Junchi, duba, mai shuɗiyar fitila. A masana'antata ake yin sa."

Ya zaro tsinken sakace, ya soka a wani ɗan rami da ke baya, hannuwan suka saki waya kamar ba su taɓa saninta ba.

"Wannan samfurin akwai taurin kai," ya ce. "Mun daina yin sa. Nawa suka sayar maka?"

Yaya Deshun ya saci kallon matarsa. "Ɗari biyu."

Suruki ya ƙware, sai da ɗansa ya bubbuga masa baya. Matarsa kuwa ta tafa hannu.

"Ɗari biyu! Wayyo, sun cuce ka. Mu da muke ba dillalai a kuɗin kwanon taliya biyu! Ragowar ma gidajen mai muka kai suna rabawa kyauta."

"To, ƙarfen jirgin saman fa?" na tambaya, don ni ba a sa ni alkawarin shiru ba.

"Masana'antar tana kusa da filin jirgi," in ji Lei Changgui, yana share hawaye. "Masu talla ne suka ƙarasa sauran."

"Kai wanne kake sa wa a taka motar, suruki?" Wannan ce maganar farko da yayata ta yi tun da muka fito daga mota.

"Ni? A garin nan? A jirgin ƙasa muka zo."

Na ɗauka a nan mijin yayata zai nutse. Amma mutumin da ya yi shekaru yana amsa ƙorafin masu famfo ba a kayar da shi a zaune. Ya cire kwat, ya rataye a kujera, ya miƙe da kofi a hannu.

"Suruki," ya ce, "tun da yarinyar nan ta gaya mini sana'arka na ce ba zan sa kayan kowa a motata ba sai naka. Da gangan na kawo shi har tebur. Mutum ba ya ba da 'yarsa gidan da bai gwada aikin hannunsu ba. Na gwada. Abin da ya riƙe ba ya saki. Haka nake so ɗanka ya riƙe Tingting."

Tingting ba ta taɓa gaya masa sana'ar kowa ba. Shi da kansa ya tambaye ni a lif ko mutumin likita ne. Amma Lei Changgui idonsa ya kawo ruwa, ya rungume shi, suka sha giyar dawa, suka sake sha, kafin a kawo kankana har sun tsayar da watan biki. Wajen biyan kuɗi suka yi kokawa sosai a gaban mai karɓa, Yaya Deshun ya yi nasara.

Tuƙi dai ba zai yiwu ba bayan wannan shan, ga shi kuma ba wanda ya tuna hawan da muka bar mota. Muka tsallaka titi muka hau jirgin ƙasa tare da surukai, muka rabu a tasha ana ta ɗaga hannu. Washegari Yaya Deshun da wani maƙwabcinsu suka yini a garejin suna danna makulli suna kasa kunne.

Bayan mako guda sai ga ɗan aike da katon kwali daga masana'anta, kyautar suruki, maƙil da mariƙai masu shuɗiyar fitila. Mayarwa cin fuska ne, zubarwa kuma Junchi yana zuwa gidan. Yaya Deshun ya kwashi wasu ya tafi da su dandalin da tsofaffin ma'aikatan hukumar ruwa ke buga majan, wasan nan nasu mai kama da karta. Da yamma ya dawo babu ko ɗaya a hannunsa, yana fito.

Na ce, "Kyauta ka raba?"

"Kyauta? Wa ke daraja kayan kyauta? Tsohon shugabanmu ma biyu ya ɗauka."

"Ka dai nuna musu ramin tsinken?"

"In sun maƙale za su neme ni," ya ce, ya wuce kicin yana tambayar me aka dafa.