Muryar Inna

"Sake dannawa, 'yata," in ji Baba Wanzami daga kan katifarsa. "Wataƙila sun huce."

Tela ta sake dannawa. Baƙin allo ne dai, da rubutun nan mai cewa an sauke bidiyon saboda ƙorafin masu haƙƙin mallaka.

Ita ce ta ɗauki bidiyon da daɗewa, ta saman katangar da ta raba gidajensu, ta ɗora a shafinta don raha. Inna ce a ciki, matar Baba, tana shanya tana zazzaga masa faɗa, gogan naka kuwa ya rungume rediyo yana dariya. Wayar da ta ɗauka da ita tuni ta mutu da duk abin da ke cikinta. Da Inna ta rasu, nan kaɗai muryarta ta rage a duniya. Tun da ciwo ya kwantar da Baba, ba ya shan magani sai an kunna masa.

"Wai me muka sata ne?"

"Waƙar da ke tashi a rediyonka, Baba. Kamfanin mawaƙin ne ya kai ƙara."

"Ikon Allah! Ni da ko baiti ɗaya ban riƙe ba? Ki ce su kwashe waƙarsu, su bar mini matata."

Haka ta rubuta musu, ba ta rage komai ba. Suka amsa cikin ladabi cewa za a duba. Ana ta dubawa, Baba yana ta ƙarewa. Ran nan tausayi ya ishe ta, ta riƙe ƙugu ta kwaikwayi faɗan Inna. Ya yi dariya har da tari.

"Ke lallashi kike yi," ya ce. "Ita da gaske take. Kai, na yi kewar masifar nan."

Washegari da hantsi Baba ya cika, Tela na riƙe da kofin ruwan da ya nema.

Sai da aka share makoki saƙonsu ya iso: an mayar da bidiyon, an cire sautinsa baki ɗaya. Tela ta tsayar da keken ɗinki, ta ƙure ƙarar wayar, ta kara a kunne. Shiru. Ta sauke ta duba. Inna na nuna Baba da jiƙaƙƙen zane, bakinta na ta motsi, shi kuma ya karkato da kai yana saurare.