Ramin da ke Zuciyar Micah

Da likita ya nuna mana hoton zuciyar mijina Micah, sai na ƙura wa hoton ido. Ga zuciya tana haske kamar garwashi, amma da wani baƙin rami a gefe guda. Ya ce in hoton ya faɗi gaskiya, wajen ya lalace, Micah ya yi sallama da garma ke nan. Saboda ciwon ƙirji muka baro ƙauyenmu Tabanni, ta wajen Birnin Gwari, muka ratso dajin nan da addu'a a baki har babban asibiti. Ga damina ta kankama, masara tana jiran noma.

Halima, mai sarrafa na'urar ɗaukar hoton, ba ta gamsu ba.

"Mama, ku kwantar da hankalinku tukuna," ta ce. "Allurar da muka yi masa ce ke haskowa daga cikin zuciya. Kafin hasken ya fito, tsoka da ƙashi kan shanye wani. Baba kuwa, tubarkalla, akwai jiki. Sai mun auna abin da ya tare hasken, na'ura ta cike gurbinsa, sannan mu gaskata hoton."

Ta sake shigar da shi. Jim kaɗan ta yafito ni gaban allo tana danne dariya.

"Ciwo ba ya fitowa zagaye sumul haka. Baba, mene ne a ƙirjinku?"

Gogan naku ya hau kallon rufi. Ni na ɗage singiletinsa da hannuna. Ashe aljihu ya sa tela ya ɗinka masa ta ciki, daidai kan zuciya, ya cusa ɗan gwangwanin tabarsa ta shaƙa. Mutumin da ya rantse mini a gaban fasto, shekara uku ke nan, wai ya daina!

"Ta baƙi ce," in ji shi, ko kunya babu.

Da aka cire gwangwanin, hoto na uku ya fito da zuciya cikakkiya, ba rami ko ɗaya. Likita ya ce ya rage gishiri, ya rabu da taba, ya koma gonarsa.

Na tanadi faɗan da zai kai mu har Birnin Gwari. Amma muna fita ƙofar asibiti ya ce a hankali, "Rachel, gaskiya na tsorata." Sai na fashe da kuka, na riƙe rigarsa gam, 'yan acaɓa suna ta kallonmu.