Gwangwanayen Aji Huɗu

"Ajiye min gwangwanin nan!" Malama ta daka min tsawa daga bakin ƙofar aji huɗu. "Shara kike gani? Aikin yara ne."

Na ajiye, amma sai da na ja tsaki. Shekara tara ina sharar makarantar nan, a gida ma katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma jininmu bai taɓa haɗuwa ba. Sauran malamai alli da allo sun ishe su. Ita kuwa sai ta sa yara su kwaso ƙasa da kwalabe da ruɓaɓɓen burodi, wai da hannu ake koyon kimiyya. Su yi kaca-kaca da aji, ni in duƙa da ciwon bayana.

Da ciwo ya kwantar da ita, gwangwanaye arba'in ta bari jere a taga, kowanne da ƙwayar wake a ciki, da sunan ɗalibi a jiki. Shugaban makaranta ya kira ni.

"Jibi masu duba makarantu za su zo. In suka tarar da juji a ajin nan, ki nemi wani aikin."

Da la'asar ƙanwar Malama ta leƙo, wai yayarta na kirana. Na same ta a kan katifa, ta rame kamar kara, kwalayen magani a kan kujera. Ko sannu ba ta bari na yi ba.

"Gwangwanayen layin hagu kaɗai za ki ba ruwa. Na dama kar ki taɓa, so nake su ga bambancin da idonsu. Kin gane, ko in maimaita?"

"Ke ko a kwance ba kya roƙo?"

"Ban iya ba. Kwana biyar ya rage su auna."

"Ni kuma 'ya'ya huɗu nake ciyarwa."

Washegari na tattara gwangwanayen a buhu na kai bola. Daɗi ma na ji, ba zan ɓoye ba. Masu dubawa suka yaba da tsafta, aikina ya tsira.

Bayan kwana uku ƙanwar ta sake kirana. Muryar Malama ta dusashe, sai da na sunkuya.

"Sun tsiro?"

Da wata ce, da ta yi mata ƙarya ta huta.

"Na zubar."

Ta daɗe tana kallona. "Da ma na sani," ta ce, ta juya fuskarta bango. Kashegari da hantsi ta cika.

Na je gaisuwa, ƙanwar ta kau da kai. Har yau haushin Malama nake ji. Duk unguwar ta rasa wanda za ta ɗora wa amana sai ni?

Yanzu an kawo sabon malami. Jiya ya zana wake a allo, da saiwa da ganye biyu, yara suka kwafa shiru, hannuwansu fes. Da aka tashi na shiga da tsintsiya. Na duba ƙarƙashin benci, na duba bayan ƙofa. Guntun alli ɗaya na tsinta.