Ranar da Ƙararrawa Ta Yi Shiru

Abokan karatunsa suna cewa Alƙali ba ya mantuwa. Likita kan rantse cewa ko daga barci ka tashe shi zai jero maka malaman makarantarsu tun daga na farko, har da wanda ya yi wata biyu kacal ya gudu. Injiniya kuwa cewa yake ba ƙwaƙwalwa ce a kan mutumin ba, kabad ne na fayil. Matarsa ce kaɗai ke da wani ra'ayi. Ta ce wanda ya san makin da ya ci a lissafi yana aji uku, amma sau biyu yana baro ta a asibiti ya taho gida da mota, ba za a ce ba ya mantuwa ba, sai dai a ce yana zaɓe.

Da makarantar ta kusa cika shekara saba'in, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora masa rubuta tarihinta. Ba a yi doguwar shawara ba, domin shi ne shugaba, kuma shi ya kawo maganar.

Wata goma ya yi yana rubutu a kan teburin cin abinci, iyali na ci a tsaye. Ya faro daga sanda makarantar take tsohon sito mai aji biyu a bayan gari, ya gangaro har yau da gari ya haɗiye ta, gidan mai a hagu, shagunan waya a dama, titi ya cinye rabin filin ƙwallo. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata yakan karanta wa kwamiti babi ɗaya a falon Likita, su yi ta girgiza kai suna cewa yaran yanzu ba su san karatu ba. Malamin da ya fi dukansu shi ya sami shafi uku. Wanda ya koya musu ba tare da bulala ba, layi biyu.

Babi na tara shi ne abin alfaharinsa. Shekara hamsin ke nan tsofaffin ɗalibai na ba da labarin ranar da sufeto ya zo daga ma'aikata, aka ja igiyar ƙararrawa ba ta ce uffan ba, saboda wani ya cire ƙarfen da ke lilo a cikinta, wanda suke kira harshe. Sufeto ya tarar da rabin ɗalibai suna wanki, shugaban makaranta na zarya a baranda yana ihu. Ba a taɓa sanin wanda ya yi ba. A babin nan Alƙali ya bayyana cewa shi ne, har ya ƙara da cewa ƙarfen ya yi shekara talatin a kan teburinsa na kotu yana danne takardun shari'a. Kwamiti ya yi dariya har Likita ya nemi ruwa.

Aka kai littafin wata tsohuwar maɗaba'a a lungun bayan kasuwa, don an ce mai ita ba ya sakin kuskure. Bayan kwana huɗu Alƙali ya je duba gyara. Wurin duk warin tawada da man inji, tulin takardu har rufi, kalandun shekarun da suka wuce a jikin bango. Mai maɗaba'ar tsoho ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Al'adarsa ba ya buga abin da bai karanta ba, layi-layi, da rula a ƙarƙashi.

"Ranka ya daɗe, aikin ya yi kyau," in ji shi. "Gyara uku ne kawai a babi na tara. Ka ce Litinin, Talata ce."

"Litinin ce, malam. Ina wurin."

"Talata. Sannan ƙararrawar ba a jikin bishiya take rataye ba, a gungumen ƙofar sito take. Igiyar kuma ba ja ba ce."

Alƙali ya sauke tabarau ya dube shi irin duban da yake yi wa shaidar da ta cika baki. "Kai kuma a ina ka san wannan?"

"Ni nake kaɗa ta."

Sai da Alƙali ya ɗan jima yana cire furfura da tamoji daga fuskar tsohon a zuci, sannan yaron da ya sani ya fito. "Agogo? Kai, Agogo! Mai tsaron lokaci! Ikon Allah, kana garin nan? Ai an ce canja maka makaranta aka yi."

"Wa ya ce?"

Alƙali ya mayar da tabarau a fuska.

"Korata aka yi," in ji Agogo, yana jera takardu. "Saura wata uku jarrabawar fita. Ƙararrawa a hannuna take, to wa za a kama? Shugaban makaranta ya fito da ni gaban taro, ya tambaya sau uku ko akwai wanda ya san wani abu. Kana layi na biyu, kusa da Likita. Takalminka sabo ne, na tuna, don shi kake ta kallo."

"Amma ai..."

"Babana ya riƙo hannuna ya kawo ni nan wurin maigidana, Allah ya ji ƙansa. Takardar sakandare sai da na kai arba'in na same ta, a ajin yamma, tare da 'yata ta fari muka rubuta. Ta fi ni maki." Ya gyara zaren tabarau. "Ni dai na gode da littafin nan. Ban san kai ne ba sai shekaranjiya da na kai shafi na arba'in da ɗaya. Shekara hamsin ina zargin Injiniya. Sau biyu yana kawo aiki nan ina cewa inji ya lalace, bawan Allah bai san dalili ba."

"Yanzu me kake so a yi?"

"Ni? Talata kawai nake so a sa. Zan buga yadda ka rubuta. Sai dai babin ya ƙare a tsakiyar shafi, rabin ƙasa fari ne. Ko hoto za ka kawo a cike?"

A gida Alƙali bai taɓa abincin rana ba. Da ya ba matarsa labari, sai ta ajiye wankin da take ninkewa a cinyarta.

"Baban yara, me ka ce masa?"

"Na ce za mu duba lamarin."

"Za ku duba. Shekara talatin kana tsare mutane sai sun faɗi abin da suka yi da bakinsu, ka dawo gida kana ba ni labarin masu taurin kai. Yau an zo kanka, kwamiti za ka kira?"

Kwamitin ya kira. Suka zauna a falon Likita ba ranar Asabar ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Likita ya ce a cire babin gaba ɗaya, ai tarihi ba dole ne ya faɗi komai ba. Aka ce babu hali, shi ne babin da kowa zai sayi littafin dominsa. Injiniya, wanda bai gama jin haushin aikinsa da aka ƙi ba, ya ce a ba Agogo katin zama ɗan ƙungiya. Sai aka tuna tsarin mulkin ƙungiya ya ce sai wanda ya kammala, kuma Alƙali ne ya rubuta sashen, har da layi a ƙarƙashi. Wani ya ce to lambar yabo, a kira shi ranar biki a tafa masa.

"Yabon me za a rubuta a jiki?" in ji Likita. "Haƙuri?"

A ƙarshe aka tsaya kan cewa Alƙali ya ƙara sakin layi ɗaya ya cike farin wurin. Kwana biyu yana kai, ya yaga takarda shida.

Ranar Alhamis da hantsi ya koma maɗaba'a, ya miƙa takardar a ninke. Agogo ya warware ta a kan teburin yanka, ya ɗora rula, ya karanta a bayyane, a hankali:

"Abin takaici ne cewa sakamakon wannan lamari, an samu kuskure wajen hukunci, inda wani ɗalibi ya fuskanci matakin da bai dace ba. Ƙungiya na nuna alhininta."

Ya sake bi daga farko, leɓensa na motsi.

"Babu kuskuren rubutu ko ɗaya," ya ce. "Sai dai na nemi mutum a ciki ban gani ba. Wa ya samu kuskuren? A hanya aka tsince shi?"

"Salon rubutun hukuma ke nan."

"To. Ni ba na gyara salo, ranka ya daɗe. Layi uku ne, ba zai cika wurin ba, amma zan ƙara girman haruffa."

Ya ajiye takardar a kan tulin aiki, ya juya ya kunna inji. Akwai katunan wata makarantar firamare da ake jira. Ƙara ta cika ɗakin, daɓe na rawa, takardu na faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Alƙali bai tafi ba. Ya tsaya a bayansa riƙe da makullin mota, ya dubi ƙofa, ya dubi ƙeyar tsohon. Da ya tabbata ko shi kansa ba zai ji muryarsa ba, sai ya faɗi abin da ke bakinsa, da sauri.

Agogo ya miƙa hannu ya kashe injin. Injin ya ɗauki lokaci kafin ya gama tsayawa, sannan wurin ya yi tsit, har ana jin mai gyaran takalmi na buga ƙusa a waje.

"Injin nan ya cinye mini kunne," in ji Agogo, bai waiwayo ba. "Amma na ga bakinka a jikin gilashin taga. Me ka ce?"

Alƙali ya yi gyaran murya. Ya fara da "Dangane da," ya tsaya. Ya sa makullin a aljihu, ya zagayo ta gaban injin inda za su ga juna.

"Ni na cire shi, Agogo. An tambaya sau uku, ina ji, na yi shiru aka kore ka. Ban manta ba, ajiyewa na yi. Na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."