Abin da Rakoda Ta Ji a Ɗakin Likita

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka ɗauke Sista Ruth daga ɗakin mata aka ba ta sabon aiki. Wata ƙungiya ce ta kawo shirin asibitinsu: a ajiye rakoda a teburin likita, in marar lafiya ya yarda a naɗi hirarsu, daga baya a saurara a ba likitan maki. Ya yi gaisuwa? Ya bar mutum ya gama maganarsa? Ya yi bayanin magani? Ruth 'yar Kagoro ce, amma a Ƙofar Kwaya ta tashi, ba kalmar Katsinanci da ke wuce kunnenta, shi ya sa aka zaɓe ta.

An yi wa mutane alkawari ba za a rubuta suna ko rana a jikin kaset ba, kuma in an gama za a goge. Kaset kuwa suka yi ta taruwa a kwali, don yau babu wuta, gobe batir ya mutu. Wanda Ruth ta ɗauko wata rana da azahar ya yi makonni a ajiye.

Muryar Dakta Sagir ce, matashin likitan da ke duba masu zuwa su koma gida. Ya gai da wata tsohuwa, ya tambayi mutan gida. Ta ce ciwon kai ne da jiri. Ya auna ta, ya ce jininta ya hau, ya yi mata bayanin ƙwayar a hankali har sau biyu.

"Akwai wani abu kuma, Inna?"

"Babu, likita."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce ana nemansa. Ya fita, rakoda na ci gaba da juyawa. Sai muryar wata matashiya, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ba ki hwaɗa mashi ba."

"Yi shiru, Baraka. Wannan ai sa'an ɗan cikina ne. Shi zan buɗe ma ƙirji?"

"Ƙullutun ya hwara ruwa. Na gani a zanenki."

"In na shahwa mai yana lahwawa. Ki dai nemo mana motar Ƙofar Durbi."

Likita ya dawo, ya ba da haƙuri, ya sallame su da addu'ar samun sauƙi.

Ruth ta mayar da kaset ɗin baya ta sake ji. Ta daɗe a ɗakin mata, ta san abin da ƙullutu mai ruwa a nonon tsohuwa yake nufi. Ta ɗauki rakodar ta nufi ofishin Dakta Sagir, ta jira layinsa ya ƙare.

Ya saurara yana dafe da goshi. Da aka zo wurin da ya fita, ya sa ta maimaita.

"Sista, wace ce?"

"Ni ma kai na zo tambaya, Dakta."

Ya kashe rakodar. "Wallahi fuskar ba ta zo mini ba. Tsofaffi masu hawan jini, kullum sai na ga fiye da yadda zan iya riƙewa. Kuma na tambaye ta. Kin ji na tambaye ta."

"Ka tambaya."

"To me ya kamata in ce?"

Ta ɗauki rakodar ta fita.

Ranar Asabar ta yafa gyale ta shiga Ƙofar Durbi. Nan ta gane wahalar abin. Tana iya cewa tana neman Baraka, amma in an ce lafiya, sai bakinta ya ɗaure, don matar da ta ƙi gaya wa likita ba za ta so a ji a bakin lungu ba. Sai ta ce 'yar saƙo ce daga asibiti. Aka kai ta wani gida, Barakar cikinsa yarinya ce da ko yaye ta ba a yi ba. A wani gidan aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo fura, aka yi doguwar gaisuwa, sannan ta ji mahaifiyar wannan Barakar ta rasu tun tana goye. Wata mai sai da kuka da kuɓewa ta ce mata ai mutanen ƙauye ma nan suke sauka, ba lallai 'yan unguwar ba ne.

Ta koma Asabar ta gaba, da wadda ta bi ta. Dakta Sagir shi ma ya riƙa tsayar da kowace tsohuwa da ta zo sake karɓar ƙwayar hawan jini, yana tambayar sunan 'yarta. Wasu suka yi dariya, wata ta ji haushi.

Da jami'in ƙungiyar ya zo karɓar sakamako, Ruth ta ba likitan cikakken maki a wannan hirar, don babu abin da aka ce a duba da bai yi ba. Ta ba jami'in labarin. Ya jinjina kai, ya ce zai sa a rahoto, amma abin da aka faɗa bayan likita ya fita ba ya cikin abin da aka ba su izinin ɗauka, dole a goge. Ta roƙi babbar sista a riƙa sa mace ɗaya tana zama da likitoci maza. Aka ce a jira sababbin shugabanni su zauna da gindinsu, wataƙila a ɗauki ma'aikata.

Da hannunta ta goge kaset ɗin, aka mayar da ita ɗakin mata.

Tsakiyar damina aka kawo wata tsohuwa a kan gadon turawa, an lulluɓe mata ƙirji da tsumma, warin ya riga ta shiga ɗaki. Ruth ta durƙusa ta gaishe ta, ta kasa kunne. Muryar ta dishe, ba a iya gane komai.

"Yaya sunanki?" ta tambayi matar da ta rako ta.

"Asabe."

"Kuna da wata Baraka a gida?"

"A'a, Sista."

Ruth ta ja labule, ta sa safar hannu, ta fara jiƙa tsumman da ruwan ɗumi don ya saki fata.