Ita Tayarwa Kawai Take Yi

Ita da kanta ta sayo tukunyar shishar, don haka ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. A farkon aurensu, in maigidan ya tashi daga aikinsa na gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ba gida yake nufowa ba, sai wani shago a bayan gidan mai, inda samari ke mimmiƙe ƙafa suna busa hayaƙi kamar an biya su. Malama ta yi fushi, ta yi kuka, ta yi yajin magana, duk ko a jikinsa. Ran nan sai ta tashi daga makarantar da take koyar da 'yan aji biyu, ta biya kasuwa, ta dawo da kwali a hannu. Tunda hayaƙi yake bi, to ga hayaƙi nan a falo.

Dabarar ta ci kuwa. Mutumin da ake nema ruwa a jallo ya zama ɗan gida, la'asar na yi sai ka ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa. Ya ɗauki abin da zafi, kamar yadda yake ɗaukar duk wani sabon abu. Ya sayo tiyo kala-kala, ya koyi gauraya fileba, wato tabar shisha mai ƙamshin tuffa da na'a-na'a, yana jefa ƙanƙara a ruwan tulun, yana fitar da zoben hayaƙi ɗaya cikin ɗaya yana ƙwala mata kira ta zo ta gani, sai ka ce yaron da ya koyi tuƙa keke. Abu ɗaya ne ba shi da haƙurinsa, shi ne tayarwa.

Wanda bai san shisha ba zai ɗauka da an ɗora gawayi shi ke nan. Ina! Sai an cika kan tukunyar da fileba, a rufe shi da takarda mai ƙyalli, a hudhuda ta da tsinke, a gasa gawayi a kan gas har ya yi jawur, a ɗora. Sannan wani ya kama tiyo ya yi ta zuƙa da ƙarfinsa, ruwa na ɓulɓul, har hayaƙi ya yi kauri ya cika tulun. Wannan zuƙar ta farko ita ce tayarwa, kuma masu sha ba sa lissafa ta cikin sha. Wahala ce kawai, irin wadda ake tura wa wani.

Malama aka tura wa. Kullum yana banɗaki yana wanke baƙin mai daga hannunsa, ita tana durƙushe a gefen teburin falo tana zuƙa. Da farko tari take yi har da hawaye, yana mata dariya. Daga baya tarin ya tafi. Daga baya kuma, in gawayin ya yi sanyi aka canza, ita ke sake tayarwa, ta ɗan jinkirta kafin ta miƙa masa. In ƙawa ta zo ta ga tukunyar ta zaro ido, Malama takan ɗaga hannu ta ce, “Wallahi ni ba na sha, ta Oga ce.” Kuma tsakaninta da Allah haka ta ɗauka.

Sai ga ciki ya samu, bayan dogon jira da ɓari guda da ya kusa tafiya da hankalinta. Ranar awon farko tare suka je. Likitar dattijuwa ce mai tabarau a karan hanci, ta gama dubawa ta tambaya ko akwai mai shan taba a gidan.

Maigidan ya sosa ƙeya. “Taba dai a'a, likita. 'Yar shisha ce nake taɓawa.”

“'Yar shisha? Har da 'yar?” Likita ta wanke shi tas, ta ce in yana son ya ga ɗan nan a hannunsa, hayaƙin nan kada ya ƙara shiga ɗakin da matarsa take. Sannan ta juyo ga Malama. “Ke fa?”

Kafin ta buɗe baki ya riga ta. “Ita? Haba, ita tayarwa kawai take yi.”

“To, ki daina kusantar gawayin, ya hura abinsa da kansa,” in ji likita, ta wuce maganar ƙarin jini. A zaton likitar tayar da shisha kamar hura murhu ne, fifita ake yi. Malama ta ga kuskuren ƙuru-ƙuru, ta yi shiru abinta, har da jin daɗin an tsallake ta.

Shi kam ya cika alkawari, a ba shi wannan. A ranar ya kwance tukunyar, ya mayar da ita kwalinta, ya ɗora saman sif. Bai yi ko atishawa ba. Ashe shi da ma a baki yake tara hayaƙin don ya yi zobe, bai cika kai shi ƙirji ba. Cikin mako guda ya sayo akwatin gilashi da jajayen kifaye, ya koma yi musu hira.

Ita ce la'asar ta zame wa bala'i. Da rana ta karkata sai kanta ya fara sara, bakinta ya yi ɗaci, hannunta ya rasa inda zai sa kansa. Ta daka wa wata yarinya tsawa a aji kan fensir har yarinyar ta yi fitsari a wando, abin da ba ta taɓa yi ba. Yayarta ta ce a waya, “Laulayi ne, ki yi haƙuri, ni ai har ƙasa na ci.” Maigidan ya ce laulayi ne, ya riƙa sayo mata tuffa, bai san ƙamshin ƙara kunna ta yake yi ba. Kowa ya ba ciwon suna, kowa na lallaɓa ta, ita kaɗai ta san sunansa na gaskiya, kuma wa za ta faɗa wa? Malamar makaranta, mai ciki, ta ce hayaƙi take ƙawa? Takan kwanta a gado ta juya wa sif baya, amma tana jin kwalin nan a ƙeyarta kamar mutum na kallonta. Tsoro take ji, da kunya, da haushin kanta. Haka ta yi ta cije haƙora har cikin ya fito, ya fara motsi.

Wata Asabar da hantsi tana ninke kaya ya shigo ɗakin da kujera, ya taka, ya sauko da kwalin yana hure ƙura.

“Madam, abokina Dogo ya ce yana son tukunyar, na ce ya zo ya ɗauka da yamma. Ɗan ɗauraye masa ita, kin san halinsa da tsegumi.”

Ya baje kayan a teburin falo. Tulu, kai, tiyo, ragowar gawayi, da rabin fakitin fileba wanda ƙamshinsa ya riga kowa cika ɗakin. Malama ta ja da baya.

“Don Allah ka fita da ita yanzu. Ka kai masa da kanka.”

“A kan babur? Ta fashe a hanya? Kuma aiki aka kira ni, wani ofis na'urarsu na zubar da ruwa.”

“To ka kai ta wajen maƙwabta. Ko ka kulle ta a wani wuri ka tafi da makullin.”

Ya tsaya yana kallonta da murmushi. “Yau kuma laulayin kan tukunya ya sauka?”

Abin da ta yi watanni tana dannewa ya fito da ƙyar, murya ƙasa-ƙasa. “Ba laulayi ba ne. Ita nake so. Tun ranar da ka ɗora ta sama ban ƙara jin daidai ba. Ina jin tsoron kaina, ka ji na gaya maka.”

Ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. Ba mugunta ba ce, shi dai abin ne bai shiga kansa ba. “Ke? Ke da ko zobe ɗaya ba ki iya ba? Ni mai sha na bari, balle ke 'yar kallo.” Ya shafa cikinta ya ce wa na ciki, “Ka ji mamanka da rigima.” Ya watsa wa kifayensa abinci, ya saɓa jakar kayan aiki. Tana jin babur ɗin ya tashi, ya sha kwana, ƙararsa ta ɓace.

Ta kira yayarta, wayar a kashe. Ta fita tsakar gida ta zauna a rana, ta dawo. Ta ce bari ta wanke tukunyar da sauri ta mayar kwali ta huta. Ta wanke tulun da soso, ta ɗauraye, sai ta ga ta bar ruwa a ciki daidai inda ake barinsa. Ta ce ai ya kamata a gwada ko robar wuyan na zubar da iska, kada Dogo ya yi magana. Ta san ƙarya take yi wa kanta, kuma sanin bai tsayar da hannun ba. Hannun ya cika kan tukunyar da fileba, ya ja takarda, ya nemo tsinke. Gawayi ya yi ja a kan gas tana tsaye tana kallonsa tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ta durƙusa a gefen teburin da ƙyar, don cikin ya fara tokare ta. Ta zuƙa. Ruwan ya yi ɓulɓul, hayaƙin ya sauka har ƙasan ƙirjinta, ciwon kan da ya yi watanni yana sara ta ya saki lokaci guda, kafaɗunta suka sauko. Daɗin da ta ji shi ya firgita ta.

Ta cire tiyon daga baki, ta ɗora tafin hannu a kan cikin. Shiru. Ta danna gefen da ya saba shuri, ta matsa ɗaya gefen, tana cewa, “Yi haƙuri, motsa mini, don Allah motsa.” Gumi ya keto mata. Ta daina numfashi ma don kada ta rasa jinsa.

Can sai ya shure ta, da ƙarfinsa, a ƙarƙashin haƙarƙari. Malama ta ce alhamdu lillahi, ta fashe da kuka kamar ranta zai fita. Tana cikin kukan, hannu ɗaya na kan cikin, ɗayan ya sake kai tiyon bakinta.